Shari'ar Tururuwa

Rabona da jin lugude a unguwar nan har na manta. A da, in aka yi haihuwa tsakanin Dutse Uku da Anguwan Rukuba, ba sai an aiko maka da goro ba. Da hantsi za ka ji taɓare uku suna faɗawa turmi ɗaya, ana dakan yajin jego, hayaƙin itacen wanka yana tashi ta bayan katanga, ƙamshin dafaffen ganye ya cika lungu. Matan maƙwabta su yi ta shigowa, masu salla da masu zuwa coci, kowacce da abin da ta samu: wannan sabulu, wannan kwanon acca, waccan dankalin Turawa a bakin zane. Wata ma ba ta kawo komai ba sai baki, ta zauna ta ci tuwo, ta yi wa mai jego tsiya, ta tafi, kuma ita ma an gode mata. Yanzu kuwa sai dai jika ya miƙo maka waya ya ce, "Kaka, ga jaririn," ka ƙura ido ka ga wani ɗan jan abu cikin hular ulu, ka ce Allah ya raya. Yajin ma a inji ake niƙo shi, a ɗura a roba, a manna takarda a jiki.

Ina kewar wancan zamani, ba zan ɓoye ba. Ina kewar sanyin safiyar Jos da ke sa ruwan randa ya ciji haƙori, da ƙararrawar coci da ke biyo bayan kiran salla ba wanda ya ɗaga kai, da kukan jirgin ƙasa daga can ƙasan gari, da yadda yara ke cin abinci a gida huɗu kafin azahar ba a tambayi sunan ubansu ba. Amma duk tsohuwar da ta ce maka komai na da alheri ne, to ko ba ta haihu ba, ko ta manta. Ni ban manta ba. A wancan zamani mai daɗi, da wuya mako ya wuce ba ka ga namiji ya fito daga wani zaure rungume da ɗan ƙunshin tabarma ba, mutum uku ko huɗu na biye da shi, ba makara, ba hayaniya. Jariri ba a yi masa zaman makoki. A shigo a ce wa uwar, "Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo mai tsayawa," kafin la'asar ta koma bakin murhu.

Wadda ta tono mini wannan magana jikata ce. Nas ce, ungozomar asibiti, kuma bakinta irin nawa ne, ba ya kwana da magana. Kwanakin baya aka tura su wani kwas, ta dawo ta zauna a ɗakina tana shan gwaten acca tana mita.

"Kaka, wallahi abin da ke ƙona mini rai ba ƙasashen Turawa ba ne. Waɗannan an san sun yi mana nisa. Talakawa 'yan'uwanmu nake nufi. Bangaladash da ruwa ke cinye musu gidaje kowace damina, Ruwanda da aka yi kisan ƙare-dangi, duk jariransu sun fi namu kaiwa shekara. Mu da man fetur ɗinmu!"

Na ce, "Kin manta da Siri Lanka."

Ta ajiye cokali. "Ke kuma tsohuwa, ina kika san Siri Lanka? Ke da ko Bukuru sai an riƙe miki hannu."

"Na san ta tun ubanki yana ciki, ja'ira."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasan jika da kaka ne, na bar ta a haka. Amma bayan ta tafi na daɗe ban tashi daga kan darduma ba, don akwai maganar da na haɗiye fiye da shekara arba'in, kuma rayukan jarirai ne a cikinta.

An kawo ni gidan miji da ƙuruciyata da ƙarfina. Maigidana katako yake sayarwa a kasuwar Katako, kullum ya dawo da garin zarto a gashin kai da ƙamshin ɗanyen itace a riga. Ubansa haƙar kuza ce ta kawo shi Jos, tari ya ɗauke shi, ya bar gidan a hannun uwarsu, wadda kowa ke kira Iya. Aikinmu na mata ba shi da iyaka: share tsakar gida tun raɓa ba ta bushe ba, surfe, niƙa, hura itacen da damina ta jiƙa har ido ya yi ja, sannan in rijiya ta ja baya da rani mu ɗauki tuluna mu gangara tsohon ramin kuza da ruwa ya taru a ciki, inda shanu ma ke sha ta ɗaya gefen. Kada mai jin wannan labari ya ɗauka Iya muguwa ce. Uwata ta rasu tun ina ƙarama, Iya ce ta koya mini tuƙin tuwo ba gudaji, in na yi zazzaɓi ita ke yi mini wanki ta hana kowa tashina. Ta haifi goma sha ɗaya, huɗu suka tsaya, kuma duk abin da take yi wa jariri, yi take don kada ya bi bakwai ɗin nan. Maganarta kullum ita ce, "Ɗa ba naka ba ne sai ya yi ƙyanda ya tashi." In ka yi mata gardama ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau duwatsun nan duka ukun ba zai gan shi ba.

A al'adarmu ta lokacin, nonon farko da ke zuwa wa mai jego, wannan mai kauri ruwan ɗorawa da ake kira dakashi, ƙazanta ne. Ba a ba jariri. Ungozoma ta zo safe da yamma ta matse shi a ƙoƙo, a tona rami a bayan ɗaki a zuba, jaririn kuma a riƙa ɗiga masa ruwan ɗumi da ɗan dabino har kwana uku, sai farin nono ya sauko. Haka aka yi wa ɗana na fari. Ya yi kwana goma sha biyu a duniya. Da yake ɗan fari ne, kunya ta hana in yi ko kuka a gaban mutane, sai na shiga makewayi na toshe baki da zane.

Da na haifi ta biyu, Iya ta ce ba za a yi sake ba, a gwada nonon. Gwaggo ungozoma ta matsa dakashin a ludayi, aka samo tururuwa uku daga gindin katanga aka jefa a ciki. Hukuncin a fili yake: in sun yi iyo sun fito, nono lafiyayye ne, in sun mutu a ciki, mugun nono ne, shi ya kashe na farko. Mata biyar suka sunkuya a kan ludayin nan, ni ina kan gado ina kallon ƙeyoyinsu. Can sai Gwaggo ta ɗago ta ce, "Sun kwanta." Daga ranar na zama mai mugun nono. Aka hana ni shayar da 'yata har a yi suna a sake gwaji, aka shafe mini ƙirji da magani mai ɗaci, aka koma roƙon nonon akuya a maƙwabta. A tatso da safe, a surka da ruwan ramin kuza, a rufe da faifai, a yi ta ba ta har yamma. Kafin suna gudawa ta kama ta, maɗigarta ta faɗa, kukanta ya koma kamar na 'yar kyanwa. Nonona kuma da ba mai tsotso ya kumbura ya yi zafi, sannan ya ƙafe. Yarinyar ba ta kai arba'in ba. Aka fara kirana mai wabi a bayan idona, wato wadda 'ya'yanta ke zuwa su koma, kuma ni ma na yarda. Na yarda da zuciya ɗaya cewa guba nake ɗauke da ita a ƙirji.

Bayan gidanmu akwai shingen ƙerana, tsiron nan mai ƙaya, bayan shingen kuma gidajen malaman wata makarantar sakandare. Lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, gwamnati na ɗebo malamai da likitoci daga ko'ina a duniya, don a wurinmu ake samu. A gidan da ke jikin shingenmu aka sauke wani ticha mai koyar da lissafi, baƙi siriri mai santsin gashi, da matarsa da 'ya'ya uku. Mu duk mai irin wannan gashi Ba'indiye ne, sai daga baya na san nasu tsibiri ne daban, Siri Lanka, inda ake noman ganyen shayi. Madam muke ce wa matar. Abin da ya haɗa mu zogale ne. Mu ganye muke ci, ita kuma dogayen 'ya'yan nan da muke bar wa awaki take so, ta yayyanka ta yi miya da su. Iya ta ce, "Allah sarki, yunwar ƙasarsu ta kai su ga cin abincin dabbobi. Ki riƙa tsinko mata, lada ne." Haka muka saba, ni ta wannan gefen shinge, ita ta wancan, da Hausarta ta kasuwa wadda ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba.

Ranar da ta lura da cikina na uku ta yi murna, ta ɗaga yatsu tana tambaya na nawa ne. Na nuna mata uku, sannan na lanƙwashe biyu na nuna ƙasa. Ta daɗe tana kallona. Na nuna ƙirjina na ce, "Ba kyau. Tururuwa sun mutu." Sai da na maimaita sau uku, har da kwaikwayon tafiyar tururuwa da yatsa, kafin ta gane. Da ta gane, matar nan ta dafe kai da hannu biyu.

"Kai! Wannan nono na farko, shi ne magani. Shi kauri kamar zuma. Ka sa tururuwa cikin zuma, zai fita? Ba zai fita ba. To zuma guba ne?"

Ban taɓa tunanin haka ba.

"A garinmu babu kuɗi," in ji ta. "Babu mota, babu takalmi. Mamana yana tsinka shayi, ɗaki ɗaya mu takwas. Amma akwai mace ɗaya, gwamnati ya koya masa aiki, yana yawo da ƙafa da lema, gida gida. Mace ya yi ciki, ya rubuta sunansa. Ya haihu, ya zo ya ce ba shi nono yanzu yanzu, dafa ruwa, wanke hannu, kawo shi allura. Mamana ya haifi bakwai, shida suna nan. Ku kuna da kuɗi, mu mun zo neman kuɗi wurinku. Don me yaranku suna mutuwa?"

Na ce mata kwana ne ke ƙarewa. Ta ce ita ma ta san Allah, kuma shi ne ya zuba nonon, a ƙirjina ya zuba shi, ba a na akuya ba. Na miƙa mata zogalenta na koma gida ina jin haushinta, irin haushin da ake ji in baƙo ya faɗi gaskiya a kan gidanku.

Na haihu cikin marka, lokacin da ruwa ke kwana uku bai ɗauke ba. Namiji ne. Wannan karon Iya ta shirya. Ta sayar da tasoshinta na aure ta sayo farar akuya mai sabuwar haihuwa daga kasuwar ƙauye, kamar yadda wani mai magani ya umarce ta, ana barbaɗa mata wani gari a cikin dusa. Aka ɗauki jaririn aka ɗora a kan juji na ɗan lokaci, wai a nuna wa mutuwa ba a damu da shi ba, aka ɗauko aka ce sunansa Ajuji kafin a raɗa na yanka. Aka yi gwaji, tururuwa suka kwanta kamar yadda suka saba. Na roƙi abu ɗaya.

"Iya, ki bar ni in riƙa ba shi da hannuna. Ko ba komai in san na yi masa wani abu."

Ta share ido da bakin mayafi, ta miƙo mini ƙoƙon da ɗan ludayi.

Da hantsi, bayan wankan jego, akan bar mai jego ita kaɗai ta gasa jiki a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Mata suna rumfa suna daka. Na saki asabari, na zauna da ƙoƙo a hannu ɗaya, yaro a ɗaya. Rabin zuciyata na cewa Madam ce da gaskiya, rabi na cewa yanzu zan kashe shi da kaina. Abin da ya yanke mini shawara ba ilimi ba ne, na dai riga na ga inda hanyar ƙoƙo take kaiwa. Na jiƙa bakin zane na goge maganin ɗacin, na yi bisimilla, na sa shi a nono. Ya kama kamar ya daɗe yana jira. Nonon akuyar kuwa na ɗaga ƙoƙo na shanye abina. Haka na yi kwana bakwai, duk lokacin da ido ya kauce. Iya ta shigo ta ga ƙoƙo wayam ta ce, "Tubarkalla, wannan mai ci ne!" Gwaggo ta zo matsa ta tarar ba abin kirki, ta ce magani ya kama, mugun nonon yana ƙonewa. Ranar suna aka sake gwaji, lokacin farin nono ya sauko tsararo, tururuwa suka yi iyo suka haye bakin ludayi, aka rangaɗa guɗa. Ajuji shi ne uban nas ɗin nan, yanzu furfura ta cinye masa gemu, ga tumbi, ga hawan jini.

Akuya kuwa ta zama sai ka ce waliyyiya. Iya ta ɗaura mata laya a wuya, ta yi sadakar masa, ta bi gida gida tana ba da labari. Ba a yanka ta da salla ba, ba a kai ta kasuwa ba, ɓawon dankali mai kyau duk nata ne. Har daga Anguwan Rukuba mata ke zuwa da kofi a tatsa musu. Ina ji ina gani, in na wuce ta a tsakar gida tana tuƙa sai in ce a raina, "Ci, 'yar banza, ni na yi aiki ke kika karɓi lada." A lokacin abin dariya yake ba ni.

A gidan akwai matar ƙanen mijina, facalata. Amarya aka kira ta ranar da aka kawo ta, Amarya ta tabbata har tsufa. Mace ce mai sanyin hali, ba ta iya kallon babba a ido. Tana ce mini Yaya, ko zane za ta saya sai ta tambaye ni launi. Tare muke gangarawa ɗiban ruwa, in yi mata kitso ta yi mini, in ta ƙona miya in ce ni ce. Ta riga ta rasa ɗan fari a gidan iyayenta, kuma lokacin da na haifi Ajuji tana da ƙaramin ciki. Da watanta ya kama ta haifi mace, kyakkyawa mai cikar gashi. Akuyar ma ta sake haihuwa a daidai lokacin, kowa ya ce ikon Allah. Aka kawo ludayi, ni aka ba in riƙe, don ni ce wadda ta warke, hannuna da albarka. Ina riƙe da shi tururuwa suka faɗa cikin dakashin nan mai danƙo, suka yi 'yan motsinsu, suka tsaya. Amarya ta dube ni daga kan gado. Iya ta dafa kafaɗarta ta ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata, magani yana gida. Ba ga Ajuji ba?"

Ajuji yana goye a bayana, ƙato, yana cizon wuyan rigata. Kalma nawa ce? "Ki ba ta nono a ɓoye." Ko a hanyar makewayi zan iya raɗa mata. Ban faɗa ba. Na sha ba kaina dalilai, kuma har yau na haddace su kamar karatun allo. In na faɗa, ta bayyana na yaudari Iya kwana bakwai, na bar ta ta yi sadaka, ta bi gari tana yabon akuya, na ɗauki maganar baƙuwa mai cin abincin awaki na ɗora a kan ta uwar mijina. Amarya ba ta iya ƙarya ba, tambaya ɗaya Iya za ta yi mata ta zazzage komai. Kuma in ta ba da nonon yarinyar ta mutu fa, wa ya kashe ta? Na ce wa kaina wataƙila ni sa'a na yi, wataƙila nata nonon da gaske mugu ne. Madam da zan tambaya ta riga ta koma ƙasarsu, aikin mijin ya ƙare. Duk waɗannan dalilai ne, amma sunan abin ɗaya ne: tsoro na ji, na fifita mutuncina a gidan nan a kan ran 'yar mutane. Kullum sai in ce gobe zan faɗa mata. Ni da kaina na riƙa tatso akuyar ina kai mata ɗaki. Yarinyar ta yi kwana goma sha tara.

Amarya ta sake haihuwa sau biyu, duk hanya ɗaya suka bi, kuma kowane karo shirun sai ya ƙara nauyi, don yanzu in na buɗe baki za a tambaye ni ina bakin yake wancan karon. Daga nan haihuwa ta tsaya mata. Ni kuwa na jera biyar bayan Ajuji, duk na shayar da su dakashi ta hanyar da na saba, duk suka tsaya. Ita ce ta rene su tare da ni, ta goya, ta yi musu wanka, ta yi jinyar ƙyandarsu. Amma ban taɓa ganin ta rungume jariri a ƙirji ba. A cinya take ɗora shi ko a baya, in aka yi magana ta ce, "A'a, kada in shafa masa." Iya ta rasu tana sa mini albarka. Akuyar ta mutu da tsufa, ba wanda ya yarda a sa mata wuƙa.

Yanzu an daina gwajin tururuwa a cikin gari, ko da yake jikata ta ce a wasu gidaje har gobe ana zubar da dakashi. A asibitinsu jariri na faɗowa ake kifa shi a ƙirjin uwa, tun kafin a yi masa wanka, rediyo ma kullum faɗa yake. Amma kada mu yi wa kanmu kirari. Har yanzu ana fitowa da ƙunshin tabarma, sai dai yanzu a keke mai ƙafa uku ake sa shi. A da muna da maƙwabta ba mu da sani, yanzu sanin ya zo maƙwabtan sun watse. Mace ta fara naƙuda, asibitin da ya fi kusa yana unguwar da mutanenta ke tsoron shiga tun da rikici ya raba gari, sai an zaga. An isa, babu wuta, injin ɗumama bakwaini yana ajiye kamar akwatin lefe. Nas-nas ɗin da aka koya wa aiki kowacce na neman hanyar fita waje, kamar yadda su Madam suka zo mana a da. Matar nan mai lema da aka ba ni labari, mai bi gida gida tana rubuta sunan masu ciki, na yi shekaru ina zuba ido, ba ta taɓa yin sallama a ƙofarmu ba sai in lokacin ɗigon rigakafi ya zo.

Bayan tafiyar jikata da kwana biyu na sa aka tsayar mini da keke. Mazajenmu duk sun rasu, Amarya tana zaune yanzu wajen Katako a gidan wani ɗan riƙonta, idanu sun tafi, ƙafa ta ƙi. Na ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma daga ni har ita ba wadda ta san wadda za ta riga wata. Na tarar da ita a bakin ƙofa tana shan hantsi, tana ɓare gyaɗa da lalube a faifai, ƙarar injin yankan katako na zuwa daga nesa.

"Yaya ce? Na gane takunki. Yau wace rana!"

Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ni na manta sun yi mura. Da gaisuwa ta ƙare na ce, "Amarya, neman gafara ya kawo ni."

"Gafarar me kuma, tsakanina da ke?"

Na faɗa mata komai, tun daga shingen ƙerana har ƙoƙon da na shanye. Na ce Ajuji bai taɓa ɗanɗana nonon akuya ba, da dakashina ya rayu. Na ce tururuwa ko a nonon wa aka jefa su a kwanakin farko mutuwa za su yi. Na ce na san wannan ranar da nake riƙe da ludayinta, kuma na yi shiru. Tana ji tana ɓare gyaɗarta har na kai aya.

"Ai na sani, Yaya."

"Kin san me?"

"Na gan ki. Rana ta uku, Iya ta aiko ni in kawo miki kunun kanwa. Na ɗaga gefen asabari na ga yaron a ƙirjinki, na ga kin ɗaga ƙoƙon kin shanye. Na ja da baya a hankali, na tsaya har kika gama, sannan na yi sallama."

Na ce, "To da aka zo kanki, me ya hana ki yin yadda na yi?"

"Ke na jira. Ranar gwaji na dube ki, na ce in abin nan alheri ne Yaya za ta gaya mini, ba ta taɓa ɓoye mini komai ba. Da kika yi shiru sai na ce ashe laifi ne kika yi cikin ruɗewa, Allah ya rufa asiri yaron bai mutu ba, kuma ba kya so ni ma in faɗa ciki. Shi ya sa ban taɓa gaya wa kowa ba, ko mijina. Na ce asirin Yaya ne."

Ta ture faifan gefe, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙirjinta, a hankali, kamar mai taɓa abin da ba nata ba.

"Yaya, da gaske lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau, Amarya. Tun farko."

"Duka haihuwa huɗun?"

"Duka huɗun."

"Ashe ba ni na kashe su ba."

Ta daɗe a haka, hannu a ƙirji, fuska ga rana. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, kuma ba ta tambaye ni wanda ya kashe su ba. Ta lalubo hannuna, ta buɗe shi, ta zuba mini gyaɗa.